Fangalin Wasa

Wurno,
Jihar Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa motar da ta ɗauke ki ta sauke ki Goronyo lafiya, Ya tsare ki a masauki kamar yadda Ya tsare ki a hanya. Ki gai da gwaggonki Hajara da duk mutanen gidanta.

Na ba innarki wannan takarda ta sa miki a ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwa, don kada ki gan ta sai kin isa. Kin san halina. Sunan mahaifiyata gare ki, ko kiran sunanki na yanka ban iya ba, balle in zaunar da ke in ce na yi kuskure. Takarda kuwa ba ta kallon idon mutum, shi ya sa na zaɓe ta.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Babanki Labbo, taubashina, ya ba ki riƙon wurin busar da albasa da ya buɗe, mata za su yi aiki a ƙarƙashinki, wasunsu sun haife ki. Na yi murna da haka. Amma na san ba aikin kaɗai ya ɗauke ki ba. Tun ranar da na yi miki tsawa a tsakar gida kika daina kawo mini magana. Kina gaishe ni, kina kawo mini ruwa, amma abin da ke cikin kanki kin rufe shi. Tsorona ke nan, kada ki yi irin tafiyar da Labbo ya yi, wadda mutum kan dawo gaisuwar Salla amma zuciyarsa ba ta biyo shi. Don haka ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Ba ki taras da kakanki ba. A zamaninsa ba inji, ba tiyo. Da jigo muke ba garka ruwa, tun hantsi har rana ta take, guga na hawa yana sauka, ruwa na bin 'yar hanyarsa daga fangali zuwa fangali. Har yau in na rufe ido ina jin kukan iccen jigon nan da ƙanshin ƙasar fadama in ta sha ruwa. Baba mutum ne mai tsari. Ba ya son a taka masa kunya, ba ya son a bar fartanya a rana. Amma akwai fangali guda a can ƙarshen garka, jikin shinge, wanda bai taɓa dasa masa albasa ba. Shi yake kira fangalin wasa.

Fangalin nan na kowa ne. Ɗan gida, ɗan ƙodago, har baƙon da ya zo cin rani, duk wanda wani abu ya faɗo masa a rai sai ya je can ya gwada. Doka biyu ce kawai. Ba a yi wa mai gwaji dariya, kuma in abin ya mutu, sai an tsuguna an faɗi abin da ya kashe shi.

Ina da shekara kamar goma na ji wani ya ce toka na sa albasa ta yi ja. Na kwashi tokar murhun Inna, na dama da ruwa, na kwarara wa dashena har ya ƙoshi. Kwana uku ganyen ya kwanta. Na ɓuya bayan jigo ina jiran duka. Baba ya kira ni, ya tsuguna, ya tona da yatsa.

"To, mi yak kashe ta?"

"Toka ta, Baba."

"Toka, ko yawan toka?"

Na tsuguna kusa da shi na duba. Ya ce, "Ka ga yau mun san abu guda da ba mu sani ba jiya. Tashi ka sake, amma ka rage hannu."

Ta wannan fangali tafarnuwa ta shigo garkarmu. Wani ɗan ƙodago daga wajen Rabah ya zo da 'yan ƙwayoyi a aljihu, ya tsuttsura su can. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya hana shi.

Shekarar da Baba ya rasu garka ta dawo hannuna. Da lokacin dashe ya yi, na dubi fangalin nan na ga ƙasa ce mai kyau tana zaman banza. Na sa aka dasa masa albasa kamar sauran. Da labari ya kai gida Inna ta ce, "Auwalu, har da fangalin wasa kac cinye?" Na ce, "Inna, wasa ya ƙare, yanzu aiki aka yi." Ina ganin na yi dabara, na ƙaru da fangali guda. Ban san ƙofa na toshe ba.

Ummi, a wurin da aka ba ki, ki ware wani ɗan gefe, ko faifai guda ne, ki ce wa matan nan wannan na gwaji ne. Wadda ta ga wata hanyar yanka, ko ta shanya, ko ta ƙulla, ta je can ta yi. In ya lalace faifai guda ne ya lalace. Kada ki ɗauka asara ce. Ni da na ƙi yarda da asarar fangali guda, bari ki ji abin da na rasa.

Kin san Labbo a matsayin babban mutum mai rumfunan albasa a Goronyo. Ni na san shi ba shi da kome sai baki da hannu. Taubashina ne, ɗan kawuna na Lahodu, tare muka yi wankan gulbi. Kowace shekara in an cire albasa shi ke ɗaura mana rudu, wato rumbun kara da ciyawa da muke adana ta a ciki har damina ta faɗi ta yi daraja. Duk Wurno ba wanda ya kai shi iya ɗauri. Kuma duk duniya shi kaɗai ke iya faɗa mini abin da ya ga dama, don hakkin taubasantaka. Bai taɓa kirana Alhaji ba. Sarkin rowa yake ce mini, ni kuma in ce masa bawana.

Wata bazara na zo da wasu fatake biyu in nuna musu kaya. Na taras da Labbo a cikin rudu ya kafa wani abu a tsakiya, kara ya saƙa kamar bututu, daga ƙasa har ya ɓulla ta rufi, yana jera albasa kewaye da shi.

Na ce, "Labbo, mi kaka yi nan?"

Ya ɗago yana dariya, zufa na zuba. "Maƙogwaro nika yi mata, sarkin rowa. Albasa lumfashi taka yi awa kai. Kai ko iska ba ka son ba ta kyauta, ka cushe ta wuri guda zahi ya dahe ta daga ciki."

Fataken suka kwashe da dariya, 'yan ƙodago ma haka. Da mu biyu ne da na rama, da na ce bawa bai koya wa ubangidansa noma. Amma a gaban baƙi sai na ji kamar an tuɓe mini hula.

Na ce, "Wa yas sa ka?"

Dariyar ta tsaya. Ya ce, "Ba kowa. Rudu guda ɗai na, Auwalu. Bari mu gani."

"Hidda shi. Nan ba wurin taubasantaka ba na. Ubana bai yi haka ba."

Sannan a hankali ya ce, "Ubanka kam da ya bar ni na gwada."

Ya zare maƙogwaron da hannunsa, ya karya shi a gwiwa, ya jefar bayan shinge. Shekarar nan zafi ya yi tsanani, ruwa kuma ya sauka da wuri. Da muka buɗe rudunan, gefe lafiya lau, tsakiya kuwa ta narke. Wari har kan hanya. Kwana da kwanaki muna kwasa da kwando muna zubarwa. Labbo na cikin masu kwasar, kuma ko sau ɗaya bai ce ai ya faɗa mini ba. Da aiki ya ƙare ya naɗe tabarmarsa ya tafi Goronyo.

Ki kiyayi kalmomin nan guda huɗu, "wa yas sa ka", ɗiyata. Ba zagi ba ne, shi ya sa suke da sauƙin fita. Amma duk wanda aka tambaya wa ya sa shi, abin da yake ji shi ne kansa ba nasa ba ne, hannunsa kawai ake so. Daga ranar nan 'yan aikina suka zama masu biyayya ƙwarai. In na ce a zuba ruwa su zuba, ko da suna ganin fangalin ya cika. Na daɗe ina alfahari da wannan ladabi. In kika ga mace ta yi abin da ba ki sa ta ba, ki tambaye ta mi ta gani. Tambayar ba ta fi waccan tsawo ba.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan muni, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai innarki. Bayan shekara biyu na sa aka saƙa maƙogwaro a rudu guda, ba tare da na ce uffan ba. Albasa ta kai tsakiyar damina garau. Shekara ta gaba na sa a duka. Maƙwabta suka zo kallo, suka koma suka yi nasu, suna cewa irin rudun Alhaji. Na ji, na yi murmushi, ban gyara musu ba. Kullum ina cewa gobe zan faɗi gaskiya, har sunan ya zauna.

Mun haɗu da Labbo wajen wani suna a Lahodu. Na hango shi na yi farin ciki, na shirya amsar da zan ba shi in ya ce sarkin rowa. Ya zo ya miƙo mini hannu biyu, ya ɗan rusuna.

"Alhaji, ina gajiya? Ina iyali?"

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Yau shekara ashirin da wani abu Labbo na kirana Alhaji.

Don haka in wata ta kawo dabara kuma ta yi kyau, ki kira sunanta a gaban mutane. In Labbo ya yaba, ki ce ta wance ce. In mai saye ya tambaya, ki ce ta wance ce. Ba abin da zai rage ki. Wadda aka ambaci sunanta gobe za ta zo da wata, kuma ta kusa da ita za ta fara tunani.

Kina iya tuna Inna Ige, tsohuwar nan 'yar Kwargaba da ke zuwa zaɓen albasa, wadda ke ba ki ƙanana ki yi wasan 'yar tsana da su? Shekaru tana zaune a gindin mangwaro tare da sauran mata, suna ware manya da ƙanana. Ni kuwa in za a yi shawara, tabarmar maza nake shimfiɗawa a can nesa. Wata rana na wuce na ga ta tara wasu manya-manya masu kyau a gefe, ba ta sa su cikin na ajiya ba. Na ce, "Inna, waɗanga hwa?"

Ta ɗauki guda ta matsa wuyanta. "Ka ga kaurin wuya? Wagga ba ta kai damina. Ruwa ka shiga ta nan, ta ruɓe, ta ruɓar da 'yan uwanta. A kai su kasuwa yanzu."

"Tun yaushe kis san haka?"

"Tun ba a haihe ka ba."

"To mi yas sa ba ki taɓa hwaɗi ba?"

Ta kalle ni ta ƙasan ido, ta ci gaba da aikinta. "Kai ka taɓa tambaya?"

Matan suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Ilimin da nake nema a bakin fatake da malaman gona, ga shi a gindin mangwarona yana cin goro. Ke mai kunya ce, na sani, kuma za ki taras da waɗanda suka fi ki kunya. Mai surutu ba ta buƙatar taimakonki. Ki nemi wadda ke can ƙarshen tabarma ba ta cewa kome, ki zauna kusa da ita ki kama wuƙa ku yi yanka tare. Magana ta fi fita in hannu na aiki.

Akwai kuma shekarar da na zarce. Na gaji da a ce Auwalu ba ya son sabon abu, sai wani ya kawo irin albasa daga nesa yana ta kuranta shi. Ban gwada ba, ban tambayi kowa ba, na watsar da irinmu na gida na cika garka da shi. Ganye ya tashi kore shar, mutane na tsayawa kallo. Da zafi ya fara sai ya fitar da kara ya yi fure, kai kuwa ƙanana kamar goro. Ranar da na tona na gani, ƙafafuna suka kai ni ƙarshen garka jikin shinge, na tsuguna a wurin da Baba ya taɓa tsugunawa. A nan na gane fangalin wasa ba wasa ba ne. Shi ke tsare sauran garkar. Da yana nan, da fangali guda irin nan ya ci.

Na gane, amma ban mayar da shi ba. Girman kai ya hana.

Yanzu na zo kan taki maganar. Bazarar da ta wuce kika ga ƙananan albasar da fatake ke ƙi, waɗanda muke bari su lalace a gindin rudu. Kika kwaso su, kika yanka siriri, kika shanya a tabarma, kika rufe da tsohon gidan sauron innarki don ƙuda. Da suka bushe kika daka, kika tankaɗe, kika zuba a gwangwani. Na shigo tsakar gida da maƙwabcinmu, kika zo kika durƙusa, muryarki ko fita ba ta yi sosai.

"Baba, ka shinshina ka ji."

Ban karɓa ba. Idona na kan gidan sauron da tabarmar da suka cika tsakar gida a gaban baƙo. Na ce, "Wa yas sa ki?"

Kika ce, "Ba kowa, Baba."

Kika tashi, kika naɗe tabarmar, kika shiga ɗaki. Sai da na kai bakin zaure na ji amsar nan ta dawo mini a kunne. Ita ce amsar Labbo, ba ragi ba ƙari. Na tsaya riƙe da ƙyaure, na so in juyo, ƙafata ta ƙi.

Abin da ba ki sani ba shi ne, bayan kamar sati biyu innarki ta yi miyar kuka, na ci har na nemi ƙari. Na ce, "Miyar ga ta yau daban ta. Mi kis sa mata?"

Ta ce, "Garin ɗiyarka na. Wanda ba wanda yas sa ta."

Na ajiye loma. Ta ce, "A'a, ci mana, Alhaji. Ai tuwon bai yi maka laihi ba."

Na cinye, kuma ban ce miki kome ba. Gwaggonki Hajara ta zo ta tafi da sauran gwangwanin Goronyo, ya faɗa hannun Labbo. Ya shinshina sau ɗaya ya ce a kira masa mai shi. Abin da na ƙi karɓa a tsakar gidana, shi ya karɓa daga nesa. Ban ji haushinsa ba. Ya san yadda abin yake da ciwo.

Ummi, na yi kuskure. Garin nan dabara ce mai kyau, kuma taki ce. Ki yafe mini.

Ga abin da na yi, don kada ki ce magana ce kawai. Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko, muna zaune a inuwar da manoman albasa ke taruwa, wani ya ce zai ɗaura irin rudun Alhaji bana. Na ce ya dakata. Na faɗa musu maƙogwaron nan ba nawa ba ne, na Labbo na Lahodu ne, ni ma hana shi na yi kafin in sata. Wasu suka yi dariya. Wani tsoho ya ce, "Ai mun sani, jira mukai mu ga ranar da za ka hwaɗi." Na dawo gida ina jin kamar an sauke mini buhu daga ka.

In kin huta, ki je ki gai da Labbo. Ki gaya masa abin da na faɗa a inuwar nan. Sannan ki ce masa sarkin rowa na gaishe da bawansa. Ki faɗa haka daidai, kada kunya ta sa ki gyara. Ki lura da fuskarsa, in kin kira innarki a waya ki gaya mata abin da ya ce. Ko zagina ya yi ina so in ji, na fi son zagin ma.

Na biyu kuma, mun fara dashe shekaranjiya. Da aka kai ƙarshen garka jikin shinge na ce a tsaya. 'Yan aiki suka ce, "Alhaji, saura guda." Na ce na gani. Suka ce mi za a sa masa? Na ce a gyara masa kunya, a ba shi ruwa, a bar shi. Na gaya musu sunansa da dokokinsa biyu, na ce daga baɗi na kowa ne. Amma na bana naki ne. Ko iri kika samu a Goronyo, ko wata dabara ta faɗo miki wadda ke kanki ba ki tabbata ba, ki aiko, ko ki zo da kanki ki tsuttsura. In ta mutu, ni da ke za mu tsuguna mu ga abin da ya kashe ta. Zan ci gaba da ba shi ruwa har in ji daga gare ki.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki girmama matan da ke ƙarƙashinki, ki bi gwaggonki kamar innarki. Kada ki yi tafiyar yamma a hanya, in rana ta yi sanyi ki bari sai gobe. Allah Ya tsare ki daga sharrin mutum da na hanya, Ya sa albarka a hannunki da kanki, Ya haɗa ki da masu sauraro, Ya sa ke ma ki zama mai sauraro. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya maido mana ke cikin aminci. Amin.

Fangalin na nan jikin shinge, ƙasarsa a jiƙe. Ba wanda zai tambaye ki wa ya sa ki.

Wassalam.

Mahaifinki,
Auwalu.